Zauren Uwargida: Gadon Da Ba A Kai Shi Gaban Alƙali

  

Idan aka ce gado, abin da ke fara zuwa a ranmu shi ne gona da gida da shanu, da wa zai sami rabi, wa zai sami tumuni. To amma akwai wani gadon da ba a kai shi gaban alƙali, ba a kuma jira sai iyaye sun rasu, tun ɗa yana ciki yake karɓar rabonsa. Shi ne gadon jini. Ta nan yaro ke ɗauko hancin babansa da hasken mahaifiyarsa, ta nan ne kuma wasu cututtuka ke bin zuri'a. Sikila dai yanzu kowa ya san ta. A wannan wata ina so mu tattauna kan wani ciwon gado da ba a cika jin labarinsa ba, wanda ke hana jiki amfani da kitsen da ya tara, har abin ya kai ga taɓa hanta.

Ciwo ne da ba shi da yawa, wannan a riƙe shi tun farko don kada hankali ya tashi. Abin da ya sa na ga ya dace mu san shi, lokuta biyu da ya fi kayar da babba duk a gaban idonmu mata suke faruwa: watannin ƙarshe na ciki, da lokacin doguwar yunwa irin ta azumi. A duka biyun kuwa, bayan ikon Allah, saurin ganewa ne ke ceton rai.

Rumbu cike, turmi a fashe

Mu ɗauki jikin mutum kamar gidan manomi a nan ƙasar Tambuwal. Abincin da muka ci yanzu jiki kan mayar da shi sukari, shi ne kamar tuwon da ke cikin kwano, a ci nan take. Hanta kan adana kaɗan daga ciki, kamar garin da uwargida ta niƙa ta rufe a ƙwarya. Wannan ajiya ba ta riƙe babba fiye da awa 24, ga jariri kuwa 'yan awoyi ne ta ƙare. Sauran duk jiki ya mayar da shi kitse ya tara, wato dammunan gero a rumbu.

Idan mutum ya daɗe bai ci ba, tuwon kwano ya ƙare, garin ƙwarya ya ƙare, sai jiki ya buɗe rumbu. Amma kowace mace ta san damin gero ba ya zama tuwo haka nan, sai an sussuka, an sheƙe, an surfa, an niƙa. Haka kitse yake. Akwai wasu sinadarai da Allah Ya halitta a cikin hanta da tsoka da zuciya, kowanne da aikinsa, su ne ke yanyanka kitsen har ya zama ƙarfin da jiki zai yi aiki da shi. Mai wannan ciwo an haife shi ne da ɗaya daga cikin sinadaran nan a raunane. Rumbunsa cike yake, amma turminsa a fashe.

Daga nan ɓarna biyu ke tasowa. Ta farko, sukarin jini ya faɗi ƙasa, ƙwaƙwalwa ta rasa abinci, sai magagi, sai sambatu, sai suma. Ta biyu, kitsen da aka fito da shi aka kasa sarrafawa ya taru a hanta, hantar ta kumbura ta kasa aikinta, wanda aka fara sarrafawa ba a gama ba kuma ya zama guba a jini. Muddin dai mutum yana ci a kan kari, babu mai buɗe rumbu, shi ya sa wani zai kai shekara ashirin ko talatin garau ba a san yana da komai ba.

Ciwon kashi-kashi ne, likitoci suna kiransu da haruffa gwargwadon sinadarin da ya samu matsala: MCAD, VLCAD, LCHAD, CPT da sauransu. MCAD, wanda aka gano a farkon shekarun 1980, shi ya fi yawa, kuma a Ingila ana samunsa a kusan jariri 1 cikin 10,000. A lura, wannan daban yake da kitsen hanta da ake yawan gani a hoton ciki ga masu ƙiba ko ciwon sukari. Wancan ya fi yawa nesa ba kusa ba, kuma hanyar maganinsa daban ce.

Yadda ake gadonsa

Lissafin iri ɗaya ne da na sikila. Uwa tana ɗauke da rabi, uba yana ɗauke da rabi, su duka biyun lafiyarsu ƙalau, kamar mai AS. Idan suka haɗu, a kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu ɗan ya haɗa duka biyun, ya fito da ciwon. Ba laifin matar ba ne ita kaɗai kamar yadda dangin miji kan ɗora mata, domin ɗa ba ya samunsa sai ta ɓangarori biyu.

Nan ne maganar auren zumunci ta shigo. Auren ɗan wa da 'yar ƙane halal ne, kuma mafi yawan irin wannan aure 'ya'ya lafiyayyu ake haifa. Sai dai waɗanda suka haɗa kaka suna tarayya a kusan kashi ɗaya cikin takwas na gadon jininsu, don haka idan akwai wani ɓoyayyen ciwo a gidan, ya fi sauƙi ya haɗu a jikin ɗansu. A garuruwanmu, inda za ki ga gida guda an yi ta auratayya tun kaka da kakanni, wannan abin lura ne. A 2024 jihar Kano ta yi dokar gwaji kafin aure, ana duba rukunin jini na sikila da ciwon hanta da cuta mai karya garkuwar jiki. Gwaji ne mai amfani ƙwarai, amma ba ya nuna wannan ciwon da muke magana. Gwajinsa daban ne, ana ɗiga jinin dugadugin jariri a takarda a kai wa wata na'ura ta musamman. Ƙasar Katar ta fara yi wa jariranta irin wannan gwaji a 2003, Saudiyya a 2005, Ingila kuma ta game ƙasarta da gwajin MCAD a 2009.

Mu abin da ke hannunmu yau shi ne tarihin gida, kuma ba ƙaramin gwaji ba ne. Mun san matar da ake ce wa mai wabi, wadda 'ya'yanta ke rasuwa ɗaya bayan ɗaya, har a kai ga laƙaba wa na baya suna Ajuji ko Ayashe. Yawancin wannan zazzaɓin cizon sauro ne, ko sikila, ko gudawa da ƙarancin abinci. Amma idan yaran ɓulɓul suke, sai ɗan zazzaɓi ko amai na kwana ɗaya ya hana su tsotso, a wayi gari sun yi laushi ko sun tafi cikin barci, kuma abin ya maimaitu a ɗaki ɗaya, to wannan labari ne da ya kamata likita ya ji.

Shawarar watan takwas

Yanzu ga inda abin ya fi shafarmu. Akwai wani ciwon hanta mai tsanani da ke kama mace a ƙarshen ciki, galibi tsakanin mako na 30 da na 38, inda kitse ke cika hanta cikin 'yan kwanaki. Wani likita mai suna Harold Sheehan ne ya yi cikakken bayaninsa a 1940, lokacin yana aiki a asibitin haihuwa na Gilasgo. An daɗe ba a san musabbabinsa ba, sai a shekarun 1990 aka gano cewa a wasu matan, ɗan da ke cikin ne yake da ciwon LCHAD. Uwar rabi take ɗauke da shi, wato turminta yana aiki amma ba da cikakken ƙarfi ba. Shi kuma ɗan da mabiyiyarsa sun kasa sarrafa nasu kitsen, sai su riƙa turo shi cikin jinin uwa, a daidai lokacin da ita ma jikinta ke buɗe nata rumbun saboda nauyin ciki. Kaya ya yi wa hanta yawa, sai ta durƙushe.

A 1999 Dakta Jamal Ibdah da abokan aikinsa a Amurka suka buga binciken da ya nuna kusan kashi 79 cikin 100 na iyayen da suka ɗauki cikin irin waɗannan yara sun gamu da ciwon hanta mai tsanani a cikin. A wani binciken nasu na 2002 kuma, cikin mata 27 da suka yi wannan ciwon na ƙarshen ciki, 5 ne aka samu ɗan yana da LCHAD. Kenan ba kowace mai ciwon ce ke ɗauke da gadon ba. Ya fi zuwa a cikin fari da cikin tagwaye.

Alamunsa suna farawa kamar wasa. Tashin zuciya da amai, kasala, ƙin abinci, ciwo a bakin ciki ko ƙarƙashin haƙarƙarin dama, ƙishirwa mai tsanani da yawan fitsari. Bayan 'yan kwanaki idanu su yi ruwan ɗorawa, fitsari ya yi duhu. Idan aka ƙara jinkiri sai yawan barci, a yi mata magana ta ba da amsar da ba ita ba, dasashi ya fara jini. 'Yar'uwa, riƙe wannan ƙa'ida: laulayi na farkon ciki ne. Aman da ya dawo wa mace a watan bakwai ko takwas ko tara ba laulayi ba ne, kuma shawara a jikin mai ciki ba ta kwana a gida.

Gaskiya ne akwai abubuwa da dama da suka fi wannan yawan kawo shawara ga mai ciki: zazzaɓin cizon sauro, sikila, ciwon hanta nau'in B, hawan jinin ciki mai kai wa ga jijjiga, da ciwon hanta nau'in E da ake ɗauka ta gurɓataccen ruwa, wanda ya ɓarke a Diffa ta Jamhuriyar Nijar a 2017 ya fi yin ɓarna a cikin mata masu ciki. Ido ba ya bambance su, sai gwajin jini. Kuma babu ko ɗaya a cikinsu da jiƙon rawaya ko sassaƙe ke riƙewa. Hantar da ta riga ta gaji, duk abin da aka ɗura wa mai ita ƙarin aiki ne aka ba ta.

Maganin wannan ciwo guda ne, a raba uwa da cikin da wuri, ko ta hanyar tayar da naƙuda ko ta tiyata, tare da ƙarin ruwa mai sukari da ƙarin jini, domin hantar da ta kasa ba ta iya samar da abin da ke daskarar da jini, kuma zubar jini bayan haihuwa shi ne babban abin tsoro. Da zarar an haihu, hantar mafi yawan mata kan farfaɗo cikin 'yan makonni. Dubi bambancin da sauri ke kawowa. A da, fiye da kashi 70 cikin 100 na matan da ciwon ya kama rasuwa suke yi. Amma a ƙidayar da aka yi a Birtaniya tsakanin 2005 da 2006, cikin haihuwa sama da miliyan ɗaya an samu mata 57 da ciwon, mace ɗaya ce ta rasu.

Daga Kebbe zuwa Sakkwato

Daga Tambuwal zuwa Sakkwato kusan kilomita 100 ne, ta Shagari da Boɗinga. 'Yan'uwanmu na Kebbe da Kuchi tasu tafiyar ta fi haka, ga damina idan ta sauka hanyoyin ƙauye sai a hankali. Ciwon da ke gudu cikin kwanaki ba ya jiran a sayar da akuya ranar kasuwa. Saboda haka shirin tun ran gini ne, tun ran zane.

A fara da babban asibiti mafi kusa, na Tambuwal ko na Kebbe, a auna hawan jini da sukari da fitsari. Idan ma'aikata suka ce a wuce gaba, zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato ko wani babban asibiti mai ɗakin kula da marasa lafiya na musamman, to a wuce a ranar, kada a ce bari a koma gida a yi shawara da dangi. A tafi da katin awo, a tafi da maza biyu ko uku masu lafiya da za su iya ba da jini.

Ga iyayenmu maza masu leƙa wannan shafi, don Allah idan ciki ya shiga wata bakwai, maigida ya bar izini a fili tun kafin ya yi tafiya, ya ce ko ba na nan a kai ta asibiti, ya kuma bar kuɗin mota a hannun wanda ya amince da shi. Mata da yawa izini suke jira har lokaci ya ƙure. Ke kuma Inna, uwar miji, maganarki ta fi ta kowa nauyi a gidan. Idan kika ce a tafi, an tafi.

Bayan an sauka lafiya kada a manta da jaririn. Duk wadda ta yi irin wannan ciwo, a gaya wa likitan yara, domin ɗan na iya zama mai ciwon gadon. Irin wannan jariri ba ya jure yunwa ko kaɗan. Al'adar hana jariri dakashi a kwanakin farko, a riƙa ba shi ruwa ana jiran nono ya wanke, illa ce ga kowane jariri, ga wannan kuwa tana iya zama ajali. A sa shi a nono tun a awar farko, a riƙa tayar da shi ya sha dare da rana. Ita ma uwar, cikinta na gaba a babban asibiti ya kamata ta yi awo ta kuma haihu, ta faɗi abin da ya same ta tun ranar farko.

Wanda yunwa ke kayarwa

Hanya ta biyu da ciwon ke bayyana ga babba ita ce doguwar yunwa, musamman idan ta haɗu da zazzaɓi, ko amai da gudawa, ko aikin ƙarfi. Wani sai ya kama amai, jiki ya saki, ya rikice yana sambatu har ya suma, a gwada a tarar sukarinsa ya faɗi, hanta ta kumbura. Wani kuma tsoka ce ke ciwo kamar an yi masa duka bayan yinin noma ko doguwar tafiya da ciki wayam, fitsarinsa ya koma kalar baƙin shayi, wanda alama ce tsoka na narkewa, kuma hakan na iya kashe ƙoda. A gidajenmu irin wannan akan ce iska ce ko farfaɗiya. Tofi da addu'a alheri ne, a yi su a cikin mota ana tafiya asibiti.

Taimakon farko mai sauƙi ne. Idan yana cikin hayyacinsa a ba shi ruwan sukari ko kunu mai zaƙi nan take, a ci gaba da ba shi kaɗan-kaɗan. Idan yana amayarwa ko ya fara magagi, kada a ɗura masa komai, ƙarin ruwa mai sukari yake bukata ta jijiya.

Wanda aka tabbatar yana da ciwon, ginshiƙin maganinsa shi ne kada ya zauna da yunwa. Manya masu MCAD akan shawarce su kada su wuce kamar awa 12 ba su ci ba, idan suna rashin lafiya kuwa ƙasa da haka sosai. Ya gaya wa likita kafin kowace tiyata, tunda ana hana cin abinci kafin a yi ta. Ya nisanci tsarin rage ƙiba na tsallake abinci ko barin tuwo da shinkafa gaba ɗaya. Akwai nau'in da bitamin B2 ke yi wa magani sosai, kuma a 2020 Amurka ta amince da wani mai na musamman mai suna Dojolvi don wasu nau'o'in. Sai dai man da ke taimakon wani nau'in yana cutar da mai wani nau'in, don haka babu sayen magani a kemis da ka.

To, ina maganar azumi? Azuminmu a nan ƙasar Sakkwato awa 13 ne zuwa 14, kuma na 2024 da na 2025 sun faɗo a watan Maris, bakin zafi. Mai lafiya jikinsa ya buɗe rumbu ya sha ruwa lafiya lau, jiri da kasalar la'asar kuwa kowa na ji, ba hujjar ajiye azumi ba ce. Amma wanda likita amintacce ya tabbatar masa da wannan ciwo, shi mara lafiya ne a shari'a ko da ana ganinsa garau. Aya ta 184 da ta 185 a Suratul Baƙara sun yi wa mara lafiya rangwame. Malamanmu na Malikiyya, kamar yadda ya zo a Muhtasar, sun ce idan mutum ya ji tsoron halaka ko cutuwa mai tsanani, ajiye azumin wajibi ne a kansa. Wanda ba a sa ran zai taɓa iyawa, ana kwatanta shi da tsohon da azumi ya gagara, wanda aka so ya ciyar da mudun Nabiyyi a madadin kowace rana. Mai ciki kuma da ta ji tsoro ga abin da ke cikinta, babin azumi na Risala ya bayyana cewa ta sha, daga baya ta rama.

Na kawo wannan ne saboda halinmu mata. Za ki ga mace da cikin wata takwas, tana amai tun jiya, amma ta ɗaura niyya saboda kunyar a ga tana ci da rana, ko don kishiya na yi. Wata kuma ramuwar bara take tseren biya a Sha'aban da tsohon ciki. 'Yar'uwa, Wanda Ya wajabta azumin Shi ne Ya yi rangwamen, karɓar rangwamen ma biyayya ce.

Aikin wannan wata

Kafin fitowa ta gaba, ki sami lokaci ki zauna da tsofaffin gidanku da na gidan mijinki. Ki tambayi Inna, ki tambayi Gwaggo cikin ladabi: akwai wadda ta taɓa yin shawara da tsohon ciki a danginmu? Akwai ɗakin da yara suka yi ta rasuwa ba tare da doguwar jinya ba, kuma suna da wata nawa? Akwai wanda azumi ko aikin gona ke sumar da shi tun yana saurayi? Ki rubuta abin da kika ji a ɗan littafi, da boko ko da ajami, ki ajiye tare da katin awonki. Idan babu komai, alhamdu lillahi. Idan akwai, ki nuna wa likita, shi zai faɗi gwajin da ya dace da inda za a yi shi. Kuma idan ana shirin haɗa 'ya'yan gidan aure, a sanar da iyaye maza abin da aka gano, a nemi shawarar likita kafin a sa rana. Abin da kika ji amana ne, ba na gori ba ne, ba kuma na zaman biki ba.

Allah Ya sauki masu ciki lafiya, Ya raya mana zuri'a, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, waɗanda suka riga mu kuma Ya jiƙansu da rahama. Sai mun haɗu a wata mai zuwa idan Allah Ya kai mu.